Shinge Ɗaya, Fili Daban-daban

Yau a filin namu lissafi za mu taɓa, kuma ina roƙon kada kowa ya murɗa rediyonsa don ya ji an ambaci lissafi. Na yau na mai gona ne, da mai kiwo, da mai shirin kewaye fulotinsa da bulo, da wanda ake kira in za a raba gado. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su. Wanda ba shi da su, ƙasa da tsinke sun wadatar.

A ce dillali ya kai ka ganin fuloti uku a unguwa ɗaya, duk kuɗinsu ɗaya. Ya ce maka, "Alhaji, zaɓi wanda ranka ya so, girmansu ɗaya ne. In ba ka yarda ba, ga tef, zagaya ka gani." Ka zagaya na farko ka samu ƙafa 300, na biyu ƙafa 300, na uku ma haka. A kan awon nan dai dillali bai yi ƙarya ba. Na farkon shi ne irin wanda aka saba yankawa, ƙafa 50 da 100. Na biyu ƙafa 75 ne ta kowane gefe. Na uku siriri ne, ƙafa 30 da 120. To, wanne za ka ɗauka?

Mu buga. 50 sau 100 ya ba mu 5,000. 75 sau 75 ya ba mu 5,625. 30 sau 120 kuwa 3,600 kacal. Tsakanin na biyu da na uku akwai ratar 2,025, wato filin da zai ɗauki ɗaki 14 masu ƙafa 12 da 12. Bulon da za ka saya ka kewaye kowannensu ɗaya ne, kuɗin magini ɗaya ne, amma abin da ke cikin katangar ya sha bamban.

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa a nan. Akwai kewaye, wato tsawon iyakar fili in ka bi gefensa har ka dawo inda ka faro. Shi ke gaya maka yawan waya ko zana ko bulon da za ka saya. Akwai kuma girman ciki, wato yawan ƙasar da iyakar ta rungume. Shi ke gaya maka iri nawa za ka shuka, taki buhu nawa za ka zuba, tumaki nawa wurin zai ɗauka. Kewaye da mita ko ƙafa ake auna shi. Ciki kuwa da murabba'in mita, wato ɗan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Sanin na farko ba ya ba ka sanin na biyu, sai ka san siffar wurin.

Bari mu ɗauki igiya mai mita 40, mu ƙulla bakinta da bakinta, mu ba yara huɗu su riƙe ta a matsayin kusurwoyi. In suka ja ta ta yi tsawon mita 19 da faɗin mita 1, ciki murabba'in mita 19 ne, lungu ke nan wanda ko saniya ba za ta iya juyawa a ciki ba. In suka gyara tsayuwa ta koma 15 da 5, ciki ya zama 75. In 12 da 8 ne, 96. In suka tsaya 10 da 10, ciki ya kai 100, kuma nan ne ƙarshen abin da yara huɗu za su iya samu. Duk inda suka ƙara motsawa, raguwa zai yi.

Ina so a lura da yadda raguwar take tafiya, don akwai tsari mai kyau a cikinta. Daga 10 da 10, ka cire mita ɗaya a faɗi ka ƙara a tsawo: 11 sau 9, 99, an rasa 1. 12 sau 8, 96, an rasa 4. 13 sau 7, 91, an rasa 9. 14 sau 6, 84, an rasa 16. 15 sau 5, an rasa 25. Ɗaya, huɗu, tara, goma sha shida, ashirin da biyar. Kowace asara ita ce yawan mitocin da ka gusa, an ninka su da kansu. Wannan yana da amfani ga mai aiki. In ka kauce kaɗan daga daidaito, abin da ka rasa bai taka kara ya karya ba, don haka kada ka tayar da hankalinka a kan 11 da 9. In ka kauce da yawa kuwa, asarar gudu take yi.

Me ya sa haka? Ka shimfiɗa tayil 100 a ƙasa, layi 10, kowane layi guda 10. Ɗebe layi ɗaya gaba ɗaya, tayil 10 ke nan a hannunka, saura layi 9. Yanzu je ka ƙara wa kowane layi tayil ɗaya a ƙarshensa don ya yi tsawo. Layi 9 ne, tayil 9 za su shiga. Ɗaya ya rage a hannunka, babu inda za ka sa shi. Kewaye bai canza ba, yana nan 40, amma tayil ɗaya ya fita daga fili. Kullum abin da kake yankewa daga dogon gefe ne, abin da kake mayarwa kuma a gajeren gefe ne, shi ya sa cinikin ba ya yin riba.

Akwai wani tarko kuma da ya fi wannan ɓoyuwa. Yaran nan huɗu na iya tsayawa kowane gefe mita 10 cif, amma biyu daga cikinsu su gusa gefe guda, siffar ta karkace. Tef zai ce maka 10, 10, 10, 10. Sai dai in suka ci gaba da gusawa har tazarar da ke tsakanin gefen gaba da na baya ta koma mita 5, ciki ya koma 50, rabi ya tafi, alhali babu gefen da ya ragu. Saboda haka tsawo sau faɗi ba ya ba da amsar gaskiya sai kusurwoyi sun miƙe. Magina sun daɗe da sanin maganin wannan. Daga kusurwa sukan auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakanin alamomin biyu ya ba da 5, kwana ta zauna. Ko kuma a ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, a sake ja ta ɗaya ɓangaren, a ga ko awon biyu ya zo ɗaya.

To, mu koma ga igiyarmu, mu canza yawan yaran. In uku ne suka riƙe, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, alwatika ke nan, cikinta kusan 77. Huɗu mun ga 100. In shida ne, kusan 115. In takwas ne, kusan 121. Kowane yaro da aka ƙara, fili na ƙaruwa, ko da yake ƙarin yana raguwa a hankali. In aka tara yara da yawa har kusurwoyi suka ɓace, igiya ta zama da'ira, ciki ya kai 127 da ɗan ɗori. Nan ne maƙura. Babu siffar da za ka yi da igiyar mita 40 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta wuce wannan, ko wace dabara ka yi.

Ga hanya mai sauƙi ta riƙe abin a ka. Ninka kewaye da kansa: 40 sau 40, 1,600. In murabba'i za ka yi, raba da 16, ka samu 100. In da'ira ce, raba da 12.57, ka samu 127. Wannan 12.57 ɗin shi ne lambar nan da 'yan makaranta suka sani da suna fai, 3.14, sau huɗu. Da'ira ta fi murabba'i da kusan kashi 27 cikin 100, ko igiyar gajera ce ko doguwa.

Wanda ya tashi a ƙauye ya ga wannan da idonsa ko bai taɓa buga shi a takarda ba. Ɗauki ɗakin kago wanda zagayen bangonsa ya kai mita 12. Cikinsa ya kusa murabba'in mita 11 da rabi. Da wannan tsawon bangon, in ɗaki mai kusurwa huɗu ka gina, mita 3 da 3, cikinsa 9 ne. Ƙasar da aka kwaɓa ɗaya ce, tubali ɗaya, wahala ɗaya. Haka rumbu, haka garken da makiyayi ke yi da ƙaya a daji, kowa ya san a zagaye yake yin sa. Ba na cewa lissafin fili kaɗai ya sa kakanninmu suka zaɓi zagayayyen gini. Bango mai lanƙwasa yana tallafe kansa, ba shi da kusurwar da za ta tsage, jinka ma ta fi zama a kansa. Amma ina ganin mutumin da ke ɗauko ƙaya a ka daga nesa, ko yake kwaɓa ƙasa da ƙafarsa, ba ya buƙatar malami ya gaya masa wace siffa ce ke rage masa aiki. Jikinsa ya riga ya gaya masa.

Ruɗun kewaye da ciki tsoho ne ƙwarai, kuma manyan mutane sun faɗa cikinsa. Wani marubucin tarihi Bagirke mai suna Polybius, wanda ya rayu a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya koka da cewa yawancin mutane da tsawon zagaye suke kimanta girman birni. Ya kawo misalin garinsu, Megalopolis, da birnin Sparta. A ma'auninsu na sitadiya, zagayen Megalopolis 50 ne, na Sparta 48, amma Sparta ta ninka Megalopolis girma, kuma in aka faɗa wa mutane haka ba sa yarda. Bayansa da ɗaruruwan shekaru, a ƙarni na 5 miladiyya, wani masani, Proclus, ya ba da labarin abin da ya fi wannan muni. Ya ce akan sami waɗanda in ana rabon ƙasa sai su miƙa wa abokan tarayyarsu fili mai doguwar iyaka da ƙaramin ciki, su kuma su ɗauki mai gajeriyar iyaka da babban ciki. Sun cuci mutane, sannan an tashi ana yaba musu a kan sun ɗauki ƙarami. Wannan labari yana damuna duk lokacin da na tuna shi, domin wanda aka cuta ya tafi gida yana godiya. Tauye mudu ne, wanda addini ya yi kashedi mai tsanani a kansa, sai dai shi wannan ba a ganinsa da ido, sai an iya lissafin.

Labarin da ya fi shahara a wannan fanni a nahiyarmu ta Afirka aka ce ya faru, a gaɓar tekun ƙasar Tunisiya ta yau. Hikaya ce, haka kuma za mu ɗauke ta. Wata gimbiya mai suna Dido, wasu na kiranta Elissa, ta gudo daga birnin Sur na ƙasar Labanan ta yanzu, bayan ɗan'uwanta sarki ya kashe mijinta. Da ta sauka da jama'arta, ta nemi mutanen wurin su sayar mata da ƙasa, iya abin da fatar sa ɗaya za ta kewaye. Suka amince, don a ganinsu ɗan wurin zama ne. Sai ta sa aka yanka fatar siri-siri, aka ƙuƙƙulla ta zama doguwar igiya, ta zagaye tudu guda da ita. A nan aka kafa birnin Kartaj, wanda masu tarihi na da suka ce an kafa shi a shekara ta 814 kafin miladiyya. Masu lissafi sukan ƙara da cewa dabara mafi riba gare ta ita ce ta bar teku ya tsare mata gefe ɗaya kyauta, ta kafa bakin igiya biyu a gaɓa, ta lanƙwasa ta rabin da'ira. Har yau a littattafan lissafi da sunanta ake kiran wannan matsala.

Wannan dabarar ta teku tana aiki a bayan gidanka. Kana da waya mita 40, kana son yi wa awaki wuri, kuma akwai doguwar katanga a tsaye. In ka yi murabba'i a tsakiyar fili, 100 za ka samu. In ka jingina da katangar, gefe uku kawai za ka ja wa waya. A nan ne mutane da yawa ke cewa, ai an ce murabba'i ya fi, sai su raba wayar gida uku daidai, su samu kusan 178. An samu ƙari, amma akwai abin da ya fi. Ka ba gefen da ke fuskantar katanga mita 20, gefe biyun da ke fitowa daga katanga mita 10 kowanne, ciki ya zama 200. In kuwa ka lanƙwasa wayar ta yi rabin da'ira, ya kai kusan 255, ninki biyu na cikakkiyar da'irar da ba ta jingina da komai ba. Waya ɗaya ce, daga 100 zuwa 255.

Sanin cewa da'ira ta fi kowa abu ne mai sauƙi. Kafa hujjar da ba ta da ɓaraka shi ne ya ɗauki masana shekaru wajen 2,000. Wani Bagirke, Zenodorus, a wajejen ƙarni na 2 kafin miladiyya, ya nuna cewa a cikin siffofi masu gefe daidai, mai gefe da yawa ta fi mai kaɗan, kuma da'ira ta fi su duka. Littafinsa ya ɓata, abin da ya rage shi ne abin da masanan Iskandariya, Pappus da Theon, suka kwafo daga ciki. Malaman Musulunci sun ɗora daga nan. Al-Kindi a Bagadaza, a ƙarni na 9, ya yi rubutu a kai. Abu Ja'afar al-Khazin ya bi baya a ƙarni na 10, sannan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta risala guda a kan da'ira da ƙwallo. Ilimin taurari ne ya ja su ciki, domin tun daga zamanin masanin taurari Batlimus ake kafa hujja da cewa sama a dunƙule take saboda dunƙulalliyar siffa ta fi kowace ɗaukar abu.

A ƙarni na 19 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan da ke koyarwa a Balin, Jakob Steiner, ya zo da hujjar da za a iya bi ba tare da alƙalami ba, kuma ina so mu bi ta tare a hankali. Ya ce, mu ɗauka mun sami siffar da ta fi kowace. Da farko, ba za ta kasance da loɓawa ba. In wani sashe na igiya ya lotsa ciki, kama shi ka juya shi waje, tsawon igiya bai canza ba, fili ya ƙaru. Ke nan mai loɓawa ba ita ce gwana ba. Na biyu, sa alama a wuri biyu da suka raba igiyar gida biyu daidai, ka ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu. Dole layin ya raba filin ma gida biyu daidai. In ɓangare ɗaya ya fi girma, sai ka watsar da ƙaramin, ka kwafi babban a madadinsa, igiya na nan yadda take, fili ya ƙaru. Na uku shi ne mai daɗin. Ɗauki rabi ɗaya, zaɓi ko wane wuri a jikin igiyar, ka ja layi biyu daga nan zuwa alamomin nan biyu. Ka ɗauki layukan nan kamar ƙafafun almakashi, kana iya buɗe su ko ka tsuke su, kowace ƙafa ɗauke da guntun filin da ke bayanta. Filin da ke tsakanin ƙafafun ya fi girma ne a lokacin da suka yi miƙaƙƙiyar kusurwa, irin ta sukwayar kafinta. In ba haka suke ba, gyara su, ka sami ƙari. Siffar da ko ta ina ka zaɓa a jikinta kusurwar nan a miƙe take fitowa guda ɗaya ce tak, rabin da'ira. Haɗa rabi biyu, ga da'ira.

Hujjar ta yi kyau, amma abokan aikinsa sun nuna masa rami a cikinta. Abin da ya tabbatar shi ne duk siffar da ba da'ira ba ana iya inganta ta. Bai tabbatar da cewa akwai siffar da ta fi kowace tun farko ba, ɗauka kawai ya yi. Wani zai ce wannan ai neman magana ne. To saurari misalin da wani masanin Jamus, Oskar Perron, ya kawo daga baya. Mu ɗauka akwai lambar ƙirga da ta fi duk lambobi girma. Ba 2 ba ce, don 2 sau 2 ya fi ta. Ba 3 ba ce, don 3 sau 3 ya fi ta. Ko wace ka ɗauka, in ka ninka ta da kanta sai ta haifi wadda ta fi ta, ban da 1. Sai mu ce 1 ce mafi girman lambobi? Kowa ya san ba haka ba ne. Kuskuren yana wurin ɗaukar da muka yi cewa akwai irin wannan lamba. Sai a 1879 Karl Weierstrass, shi ma a Balin, ya toshe ramin da cikakkiyar hujja. Steiner ya yi daidai a amsarsa, masu sukarsa ma sun yi daidai da suka ƙi karɓa sai an cike, kuma ni a ganina wannan taurin kai shi ne abin da ya sa ake iya dogara da lissafi.

'Yan makaranta, ga gwajin da za ku yi a gida yau da yamma. Ku lanƙwasa waya ta yi zobe mai faɗin tafin hannu, da ɗan mariƙi. Ku ɗauki zaren ɗinki ku ƙulla ɗan ƙaramin madauki, ku ɗaure shi sako-sako a jikin zoben yadda zai yi lilo a tsakiya. Ku tsoma duka a ruwan sabulu mai kauri, ku ɗago a hankali. Za ku ga fatar kumfa ta rufe zoben, tana ƙyalli da launuka, madaukin zaren kuma yana yawo a cikinta a yamutse, ba shi da wata siffa. Sai ku ɗauki busasshen tsinke ku huda kumfar da ke cikin madaukin kawai. Nan take zaren zai buɗe fat, ya zama da'ira sumul. In kun taɓa shi da jiƙaƙƙen tsinke ya lotsa, kuna sakewa zai koma. Dalili shi ne fatar kumfar da ta rage a waje tana jan kanta ta ƙanƙance iya iyawarta, kuma ba za ta ƙanƙance ba sai ramin da ke tsakiya ya yi girma iya girmansa.

Yanzu mai sauraro zai tambaya, in haka ne, me ya hana a yanka fuloti da gonaki a zagaye? Saboda ba kai kaɗai ba ne a duniya, kana da maƙwabci. In ka jera da'irori, ko yaya ka matse su, sai kusan kashi 9 cikin 100 na ƙasar ya tafi a giɓin da ke tsakaninsu. Kuma zagayayyun ɗakuna ba sa tarayya a bango, alhali ɗaki biyu masu kusurwa bango ɗaya ya ishe su a tsakiya. Ga gado da kabad da kwanon rufi, duk a miƙe suke zuwa. A fadama kuma da gangan ake yanka gonaki dogaye sirara, don kowa ya sami bakin ruwa, kamar yadda a gari kowa ke son fuskarsa ta taɓa titi. Wanda ya zaɓi siriri saboda ruwa ko titi bai yi kuskure ba, in dai ya san abin da ya bayar a madadinsa.

In ana son a cike wuri kaf da ɗakuna masu girma ɗaya ba tare da giɓi ba, siffofi masu gefe daidai guda uku ne kawai ke yi: mai gefe uku, mai huɗu, da mai shida. Don kewaye murabba'in mita 100, alwatika na cin kusan mita 46, murabba'i 40, mai gefe shida kusan 37. Wanda ya taɓa buɗe amya ya ga wadda ƙudan zuma ke yi. Kaki yana yi musu tsada, sai sun sha zuma mai yawa kafin jikinsu ya fitar da kaɗan, ga shi kuma saƙarsu gefe shida-shida ce, kowane bango ɗaki biyu ke amfani da shi. Pappus ya yi rubutu a kan wannan hikima da Allah ya ba ƙudan zuma tun ƙarni na 4. Amma tabbatar da cewa babu wani tsari da ya fi shi, ko da mai lanƙwasassun bango ne, sai a 1999 wani masani ɗan Amurka, Thomas Hales, ya yi shi.

Maganar tarayya a bango ta kawo mu ga aljihu. In ka ninka kewaye sau biyu, ciki sau huɗu yake ninkuwa. Mutum biyu, kowa da waya mita 20, in kowa ya yi nasa garke zai sami 25, jimla 50. In suka haɗa wayar, 100. Dubi bulo ma. Bulo ɗaya tsawonsa kusan ƙafa ɗaya da rabi ne, don haka fulotin 50 da 100 yana cin wajen bulo 200 a kowane layi. Wa da ƙane masu fuloti jere da juna, in kowa ya ja katangarsa daban, ƙafa 600 ke nan. In suka yi tarayya a bangon tsakiya, 500. In suka kewaye su a haɗe, 400.

Malam manomi, kai ne wannan ya fi shafa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kuma in mita 100 da 100 ce, zagayenta mita 400. Amma gona mai zagayen mita 400 na iya zama 150 da 50, wato kashi uku cikin huɗu na hekta. Tana iya zama 180 da 20, wadda ba ta kai ko rabin hekta ba, 3,600 ce. In ka ɗauke ta a matsayin hekta, za ka sayi takin hekta, ka biya kuɗin huɗar hekta, ka fesa maganin hekta, sannan da kaka ka ce ƙasa ta gaji. Akwai kuma tsohuwar hanyar awon gona mai gefe huɗu da ba su daidaita ba, inda ake haɗa gefe biyu masu fuskantar juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, sannan a ninka. Hanyar ta tsufa har an same ta a rubuce a bangon wani haikali a Edfu ta ƙasar Masar. Aibinta shi ne in kusurwoyi ba a miƙe suke ba, kullum ƙara wa gonar girma take yi a takarda, ba ta taɓa ragewa. Mai saye ne ke kwana ciki, ko magajin da aka ba wannan kason. In gona ta karkace, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa a raba ta alwatika-alwatika, a auna kowace, a tara. In da hali a kira safiyo, ko malamin gona mai na'urar awo, yanzu ma har a wayar hannu akwai manhajar da ke ba da girman ciki in mutum ya zagaya iyaka da ita.

Kafin mu rabu, ga aikin gida. Wata baiwar Allah mai kiwon kaji tana da raga mita 60. Tana son wuri mai kusurwa huɗu a miƙe, da shamaki ɗaya a tsakiya da zai raba manya da 'yan tsaki, kuma daga cikin mita 60 ɗin shamakin zai fito. Tsawo nawa, faɗi nawa za ta yi don ta sami fili mafi girma? Ku lura, gefe biyu ne a tsawo, uku a faɗi in an haɗa da shamakin, don haka murabba'i ba zai ba da amsa ba. Ku gwada lambobi daban-daban ku rubuta abin da kowace ta bayar, mako mai zuwa da shi za mu buɗe fili in Allah ya kai mu.